Sandar Gurmin Kawu

Kawuna makaɗin gurmi ne a wani ƙauye kusa da Miga. Ni kuwa sai da furfura ta fara fito mini, ina koyarwa a Dutse, sannan na ga ya kamata in koyi kiɗan. Abin da ya kai ni taken kakanmu ne, wanda ake kaɗa wa manoma ranar gayya. Duk duniya kawu kaɗai ya rage da ya iya shi, ga ciwon suga ya fara cinye masa ido.

Wahalar taken a wuri ɗaya take. Ana tsakiyar kiɗa hannun hagu zai sauko daga saman sanda zuwa kusa da ƙoƙo, ya koma, ba tare da sautin ya yanke ba. Nawa hannun tsalle yake yi kamar kwaɗo. Kawu yakan yi tsaki ya ce, "Malam, alli ya ɓata maka yatsu. Babban yatsa ne ke fara tafiya, sauran su bi shi."

A bayan sandar gurminsa akwai gurabu biyu da babban yatsan kakanmu ya ci, na kawu ya ƙara zurfafa su. Can yatsa ke faɗawa ya tsaya. Da idonsa ya yi rauni, kan yatsunsa suka mutu, waɗannan gurabun kaɗai ke gaya masa inda yake. Ni ma da su nake lalube, har na fara kamo hanya.

Sai ciwon ya kwantar da shi, muka kawo shi asibiti a Dutse. Babban ɗansa, wanda nake ce wa Yaya, mutum ne mai son gyara abin da ba a sa shi ba. Ya ga ƙoƙon gurmin ya tsage, ya kai wa kafinta don ya faranta wa tsoho rai. Kafinta ya liƙe tsagar, ya dubi sanda ya ga ta yi baƙi ta lotsa, ya bi ta da samfefa har ta miƙe sumul, ya shafa mata fenti mai ƙyalli.

Da na ga gurabun sun shafe, raina ya ɓaci. Yaya sai murmushi yake yi, yana cewa ko sabo albarka. Na so in zazzaga masa, amma me zan ce wa mutumin da ya yi abu don ƙaunar ubansa?

Ranar da aka sallami kawu, bayan la'asar, ya zauna a kan tabarma ya ce a miƙo masa gurmi. Yaya ya miƙa da hannu biyu. Kawu ya ɗaure tsirkiya, ya fara taken, muryar gurmin tana nan yadda na san ta. Da ya zo wurin saukowa, hannun ya zame ya wuce, ya bugi ƙoƙo. Ya sake daga farko. Ya kuma wucewa.

Ya daina kiɗa, ya dinga bin bayan sandar da babban yatsa, sama da ƙasa, a hankali. Tausayinsa ya kama ni, na sunkuyar da kai.

Can ya miƙo wa Yaya gurmin ya ce, "Mayar wa mai shi, ka ce na gode. Ɗauko mini nawa."