Shaidar Maroƙi a Kan Rijiyar Kakana

Har yau in na ji an ce "maroƙi" raina ɓaci yake. Asalin kalmar daga roƙo ne, wato mai miƙa hannu a ba shi. Da wannan sunan aka raba mu da rijiyarmu.

Shekaru kaɗan bayan samun mulkin kai, ina magidanci a ƙauyenmu kusa da Ollelewa, wani attajiri mai raƙuma ya tashi ya ce rijiyar da kakana ya haƙa ta ubansa ce. A ƙasarmu ta Damargu mai rijiya shi ke fara shayar da dabbobinsa, saura su jira. Takarda kuwa babu, waɗanda suka ga haƙar duk sun rasu, sai wani tsoho mai gurmi. Shi ne ya ja guga ranar da ruwa ya fito, kuma yana da doguwar waƙa da ke lissafa rijiyoyin yankin da masu haƙarsu.

Na ɗora shi a jaki muka je Tanut gaban alƙali. Tsohon bai ko buɗe baki ba alƙali ya ɗaga hannu.

"Maroƙi ba shi shaida. Wanda ya cika mishi hannu shi ke da bakinshi."

Tsohon ya ce, "Allah shi gafarta malam, da idona na gani."

"Idonka ma na roƙo ne."

Dattawan garinmu suna zaune suna kallo. Har da masu murmushi. Rijiya ta koma hannun attajiri. Da rani shanuna suka riƙa tsayuwa cikin rana har la'asar, su sha abin da raƙuma suka rage, rabi laka.

Bayan kaka attajirin ya yi bikin suna, ya kira tsohon ya yi wasa. Na je ne don kada a ce ina gaba. Tsohon ya ɗauko waƙar rijiyoyi, ya zo kan tamu, ya ambaci kakana ɓaro-ɓaro, bai canza ko kalma ɗaya ba.

Dattawan nan dai, su ɗin, suka hau gyaɗa kai suna cewa, "Gaskiya ne! Haka aka yi!" Attajirin ya yi dariya, ya cire rigarsa ya jefa wa tsohon.

Tir! An kawo mini tuwo na kasa kai loma baki. Washegari na kora shanuna suka bi layi bayan raƙuma.