Shekarar da Rediyo Ya Ci Mana Auduga

Wata safiyar Laraba cikin kakar 1957, Inna ta fito za ta tankaɗe garin tuwo ta tarar da faifanta cike da ƙananan kusoshi. Baba yana zaune a gindin rumbu, ya kwance bayan tsohon akwatin rediyon da ya sayo a Funtuwa, yana share cikinsa da gashin kaza. Akwatin ya yi mana magana farkon zuwansa garinmu Sheme, har maƙwabta suna cika zaure, sannan ya yi tari ya yi shiru. Daga ranar gidanmu bai sake zama lafiya ba.

Audugarmu ta buɗe fari fat a gona, kowa a gari yana cirar tasa, mu kuwa muna gyaran rediyo. Ni aka ɗora wa wahalar, don yatsuna sirara ne, suna shiga inda na Baba ba sa kaiwa. Ina jin ƙawayena suna gaɗa a dandali, ni ina riƙe da waya har hannuna ya sage. Yau a ce in shanya batir a rana, wani ƙato mai nauyin tubali, in tsare shi kada akuya ta taka. Gobe a aike ni maƙera da ƙusa a gasa ta, in sheƙo da gudu don a narka dalma, in iso ta huce, a sake kora ni. Da Baba ya gano zanzaro ya yi gini tsakanin 'yan kwalaben ciki, tsinken kitson Inna ya ɗauka ya sassaƙe ginin, tsinken ya karye. Yayana kuma ya faɗo daga tsamiya garin ɗaura wayar kama tasha, ya yi mako yana ɗingishi.

"Malam, auduga hwa ba ta jiran mutum," in ji Inna kullum. Shi kuwa ko kai ba ya ɗagawa, sai ya ce, "Saura ƙiris." Ƙiris ɗin nan har aka saki shanu cikin karan dawa, suka zarce gonarmu suka yi mata kaca-kaca. Abin da muka tsinto bai taka kara ya karya ba, Inna ta yi kwanaki ba ta yi wa Baba magana.

Ranar da ya liƙa wata siririyar waya da ta tsinke, da hantsi ne. Kwalaben suka yi ja, akwatin ya yi ƙara kamar ana suya, sai muryar wani mutum ta fito tar, yana jan hankalin manoma su kwashe amfanin gona da wuri kafin dabbobi su shiga. Baba ya miƙe yana kabbara. Inna ta ajiye taɓarya ta ce, "To, Malam, tunda akwati ya hwaɗi, ƙila ka ji. Ni da ba ni da batir mi na sani?"

Yanzu jikokina in wayar salula ta lalace sai su jefa ta aljihun tebur su nemi wata, ba wanda ke zama ya buɗe cikinta. Har yau in na tuna kakar nan raina yana ɓaci, amma da zan sake ganin Baba a gindin rumbu, da gudu zan kai masa ƙusar tun tana ja.