Ranar da Ya Bar Mini Gardama

Ni da abokina tare muka koyar a firamare, tare muka yi ritaya. Kullum bayan la'asar zai tako daga Ƙofar Sauri, in baje mana tabarma a ƙofar gidana a Ƙofar Kwaya. Yarana sun watse, gida ba kowa. In bai zo ba, sai in wuni ban yi magana da ɗan adam ba, in ka cire gaisuwar masallaci.

Gardama ce ta riƙe mu, a kan kalmar Turanci guda mai nufin nunawa. Duniya kaf tana rubuta show, shi ya kafe sai shew, wai haka Baturen da ya koyar da shi a makarantar Midil ke rubutawa. In ce masa kalmar nan ta mutu tun ba a haife mu ba, sai a tsofaffin littattafai. Ya ce, "Kalma ba ta mutuwa, Malam, ragwaye irinka ke yar da ita!" In kira shi tsohon yayi, ya kira ni ɗan koyo. Mutum mai taurin kan tsiya! Kiran magariba ke raba mu, gobe mu ɗora.

Da soja suka miƙa mulki, ɗansa ya ci zaɓe. Aka ce wai bai dace uban ɗan majalisa ya riƙa zama bakin titi ba. Ka ji fa! Aka kwashe shi zuwa sabon gida mai get da maigadi. Ni kuwa na ci gaba da shimfiɗa tabarma kamar wawa, awakin unguwa na bi ta kai.

Da abin ya ishe ni, na hau kabu-kabu na tafi. Falo cike da masu neman alfarma, ana shiga layi a gaida tsoho ko zai sa baki wajen ɗansa. Na bi layi, ni! Ga shi can a kushin cikin riga mai sitaci, ya rame. Duk wanda ya durƙusa sai ya ce masa, "To, madalla, haka ne."

Da aka zo kaina muka gaisa, ya gida, ya ƙarfin jiki. Ya gane ni sarai. Na matsa kusa da kunnensa na ce, "Tsohon yayi, kalmarka dai ta mutu." Na gyara tsayuwa ina jiran ya taso mini.

Ya dube ni, ya dubi yaran ɗansa da ke tsaye a kansa. A hankali ya ce, "Kai ke da gaskiya, Malam. Haka ne."

Wani yaro ya taɓa mini kafaɗa, wai na baya na jira. Shekara da shekaru ina neman in kayar da mutumin nan, ga shi ya faɗi da kansa. Na lalubi takalmana a cikin tarin na baƙi. Wallahi ban taɓa jin kaɗaici irin na ranar ba, ko ranar da muka kai matata makabarta, don ranar yana tsaye a gefena.