Waldar da Wendell Ya Ɓoye

Wendell Hruska ba mutumin da za ka so daga ganin farko ba ne. Ni da shagon abincina yake jingine da nasa, sai da na sha shekaru kafin na daina jin haushinsa. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, bakinsa ba linzami. Tun yana saurayi yake walda a ma'aikatar haƙar kwal ta garinmu. Da aka rufe ramin kowa ya kama gabansa, shi ya ce ba inda za shi, ya buɗe shagon gyaran bindigogi a tsohon garejin ubansa.

Abin da ya yi suna a kai ƙaramin aiki ne. A ƙasar nan, idan bututun bindiga bai kai inci goma sha shida ba, kai da hukuma ne. Samari kuwa gajere suke so. Sai a ɗaura wa bututun maɓoyin wuta a baki, ɗan ƙarfen nan mai haɗiye walƙiyar harbi, a soka ƙusa, a ɗiga walda a kanta don kada ya ciru. Daga nan doka ta haɗa shi da tsawon bututu. Kowane mai gyara yana yin wannan. Amma Wendell idan ya ɗiga tasa, sai ya bi ta da magagari, ya goge, ya mayar da baƙin ƙarfen, har ka rantse a haka aka ƙera shi.

"Nemo ta," zai ce wa mai bindigar. "Ka gano ta, in saya maka kek a wajen Darla."

Darla ni ce, kuma ban taɓa sayar da ko yanki ɗaya ta wannan hanyar ba. Akwai wani mai gyaran a garin da ke gabanmu, Duane, wanda yake barin tasa waldar a fili. Wendell ba ya kiranta da komai sai kashin kaza.

Bindigar da ya fi ji da ita matarsa Bernadine ce ta saya masa kayanta, shi ya harhaɗa, irin wadda take ɗana kanta bayan kowane harbi. Kowace Asabar suna filin gwajin harbi, kuma kowa ya san ta fi shi saiti, shi kaɗai ne bai yarda ba. Da ta rasu, ya rage surutu. A hunturun da ya biyo baya santsin ƙanƙara ya kwashe shi a bayan gida, ya kwanta a wurin har sai da mai kawo wasiƙa ya gan shi. 'Yarsa Jolene, ma'aikaciyar jinya ce a ƙetaren kogi, a jihar New Jersey, ta ce ya isa haka. Ta gyara masa ɗaki a gidanta. Ya yi gardama, ya gaji, ya yarda, da sharaɗi ɗaya: bindigar Bernadine ƙafarsa ƙafarta.

A nan aka samu cikas. A ƙetaren kogi, irin wannan bindigar da maɓoyin wuta a bakinta laifi ce. A cire shi a bar bututun haka, ya gaza tsawo, laifi ne a ko'ina. Dole a huda daidai inda ƙusar take, a kwance shi, a liƙa wani ƙarfen da dokar can ta yarda da shi. Ga Wendell, aikin yamma ɗaya ne.

Aka sayar da gida a kan haka. Ya kwaso gadon tafi-da-gidanka ya shimfiɗa a shago, wai na 'yan kwanaki. Ganye ya zube, sanyi ya sauko, bindiga tana nan a matse a kan tebur. Yau ya ce bakin injin huda ya dakushe, gobe ya ce wanda ya yi oda bai iso ba. Duk ƙarshen mako Jolene ta ƙetaro gada, ta koma ba shi.

Wata Lahadi bayan an taso daga coci ta shigo wajena idonta jawur.

"Anti Darla, wallahi na gaji. Ki je ki yi masa magana, ke yana jin tsoronki."

"Tsorona? Wannan ko beyar, ƙaton naman dajin nan, ba ya tsoro."

Na dai cire ƙyallen girkin da ke gabana na tafi, raina a ɓace. Na tura ƙofar ban ko ƙwanƙwasa ba. Shagon sanyi ƙalau, ɗan hita mai ɗumama ɗaki yana ta fama a kusurwa, kwanukan miyar gwangwani a jibge kusa da gado.

"Kai tsoho, ba ka jin kunya? Yarinya tana ta zarya kamar mai neman aiki. Idan ba za ka je ba, ka buɗe baki ka gaya mata mana!"

"Rufe ƙofa, kina shigo da sanyi."

"Ba zan rufe ba! Kai da kake cika baki ba wanda ya kai ka, ƙusa ɗaya ta gagare ka?"

Ya laluba kan tebur, ya ɗauko gilashin ƙara girma ya miƙo mini. Sai dai ba ni ya miƙa wa ba, gefena ya miƙa wa.

"Duba mini, Dar. Ƙila idonki ya fi nawa."

Na sunkuya. Ya riga ya huda ƙarfen wuri uku, duk a gefe ɗaya. Na leƙa ɗaya gefen, ko gilashin ban buƙata ba. Shekaru sun koɗar da baƙin, ga waldar nan ɗan ɗigo mai haske kamar ƙwayar gero, ko yaro zai gan ta. Na kama babban yatsansa na ɗora a kai.

Ya daɗe yana shafa wurin.

"Tun yaushe?" na ce.

"Tun kafin in faɗi a ƙanƙarar nan. Tsakiya ce ba na gani, gefe-gefe ina gani. Fuskarki ma yanzu babu ita, sai gashi da kunnuwa." Ya yi 'yar dariya. "Ba asara ba ce sosai."

Na so in zage shi, na fasa. Tausayinsa ya kama ni har na ji haushin kaina.

"To ga ta an gano. Huda."

"In huda da me? Idan na zarce kaɗan na shiga bututu, na kashe ta."

"Kai wa Duane."

"In kai wa Duane waldata in ce na kasa ganinta? Kafin magariba duk gundumar nan ta ji."

"To gaya wa Jolene. Aikinta ne."

"Shi ya sa. Ranar da ta sani, makullin mota za ta fara karɓa. Kuma wa zai bar makaho ya shiga gida mai yara da bindiga? Zan zauna a ɗakin nan ina jiran a kira ni cin abinci." Ya saki ƙarfen. "Bar ta ta ce taurin kai ne. Wannan ta saba da shi."

A waje Jolene ta danna hon ɗin motarta. Na tsaya tsakanin tebur da ƙofa, na rasa wanda zan ci amanarsa a cikinsu. Ƙarshe na fita. Ta sauke gilashin mota tana kallon bakina.

"Me ya ce?"

"Ubanki ne, kin san halinsa. Ki ƙara masa lokaci."

"Taurin kan nan shi zai kashe shi," ta ce, ta share ido, ta ja mota.

Na koma in ce masa ta tafi. Ban shiga ba, ta taga na hango shi. Ya ɗauke yatsansa daga wurin da na nuna masa, yana ta juya ƙarfen a hankali, yana neman waldar daga farko.