Ranar da Kawu ya cire wa rediyonsa pil

Shekarun baya, cikin zafin nan da ke zuwa kafin ruwan farko, mahaifina ya daina fita masallaci. Shekarar ta yi mana nauyi. Ƙafa ta ƙi, kunne ya yi nisa, sai ido kawai da Allah ya bar masa. Mutumin da ya yi rayuwarsa kan babbar mota tsakanin Maraɗi da Kwatano, ga shi ya koma daga tabarma sai kujera a tsakar gidanmu na Zongon Kwatano.

A lokacin ne saƙo ya zo daga ƙauye cewa jikan ƙanensa ya samu shiga gasar kokawa ta ƙasar Nijar. Ƙanen nan ya rasu Baba bai samu zuwa jana'iza ba, yaron kuma bai taɓa ganinsa ba ko a hoto. Sai ya ce da ni, “Da zan ga yadda yake tsayuwa, da na san ko jininmu ne.”

Ɗiyata ta fari ta ce akwai inda ake nuna wasanni kai tsaye a waya, in dai an sa forfe, wato kuɗin intanet. Ta sa, ta nuna min inda zan danna kafin ta tafi lakwal, wato makarantar boko. Ni da karatuna na yaƙi da jahilci, ina haɗa baƙi ɗaya bayan ɗaya har na gane wajen. Da rezo, wato sabis ɗin waya, ya yi rauni hoton ya tsaya, sai in ɗaga wayar in fuskantar da ita arewa, wai don ta fi kusa da Nijar. Na yi kwana biyu ina haka, kafaɗa na ciwo, kafin yarinyar ta gan ni. Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. “Inna, rezo ba alƙibla ba ce.”

Matsalar da ba mu zata ba ita ce maƙwabcinmu. Dattijo ne Bazabarme mai sayar da albasa, muna ce masa Kawu. Tagarsa na kallon tsakar gidanmu, kuma rediyonsa ba ya sanin a hankali. Ashe hoton waya yana zuwa ne a makare, rediyo na gaba da shi. 'Yan kokawa na tsaye a wayarmu suna zagaya juna, sai mu ji Kawu ta taga, “Ya sha ƙasa! Bagobiri, naku ya sha ƙasa!” Ko kunnen Baba bai isa ya tsere wa wannan muryar ba.

Kun san Gobirawa da Zabarmawa, abokan wasa ne. Tun ina yarinya suke wannan tsiya, kowa na cewa ɗayan bawansa ne. Amma ran nan Baba ya ture wayar. “To me zan kalla? Tuwon da wani ya riga ya tauna?”

Ranar da yaronmu zai kama, sai aka haɗa shi da ɗan Doso, yankin su Kawu. Na ɗaura gyale na shiga gidansa bayan azahar. Na gaishe shi, na tambayi kasuwa, na daɗe ina zagaye kafin in faɗi abin da ya kawo ni.

“Ɗiyar bawana,” ya ce, “yau da za mu kayar da ku ne zan kashe rediyo?”

Na ce, “Kawu, ba nasara yake nema ba. So yake ya ga yaron.”

Ya sosa gemu. Sai ya juya rediyon, ya cire pil ɗin, wato batiran, ya danƙa min a hannu. “Riƙe. Ban yarda da yatsuna ba.” Ya ɗauki buzunsa ya biyo ni.

Na jingina wayar da kwanon sha a kan turmi. Su biyu suka matso, kai da kai. Aka shigo da yaron, dogo, baƙi, ga layu a damtse. Kafin ya shiga fili ya durƙusa, ya ɗebi ƙasa, ya shafa a ƙeyarsa. Baba ya kama hannuna. “Haka muke yi. Ni na koya wa kakansa, a bayan rumbun gidanmu.”

Suka kama. Ana cikin turereniya sai ihu ya tashi daga bakin titi, wajen mai shayi inda samarin Zabarmawa ke taruwa da nasu rediyon. Har masu zemijan, baburan haya, suna danna oda. Na ji, Kawu ya ji. Baba bai ji ba. A wayarmu kuwa yaron na nan tsaye daram, har ya kamo ƙafar abokin karawarsa.

Na dubi Kawu. Maganar ta zo masa har baki. Sai ya gyara zama ya ce, “Kai, Bagobiri, yaron nan yana da ƙugu.”

“Ka gani ko?” in ji Baba, yana ɗaga kafaɗa kamar shi ke cikin fili. “Ɗaga shi, ɗana. Ɗaga shi.”

Ban san tsawon lokacin ba, ba shi da yawa. Amma a cikinsa na ga mahaifina ya koma saurayi. Sannan hoton ya iso inda duniya ta riga ta isa, gwiwar yaron ta taɓa ƙasa.

Sai a nan Kawu ya miƙe, ya yi rawa da tsufansa, ya zazzage duk tsiyar da ya haɗiye. Baba na dariya yana share ido. “Yi ta haushi, bawa. Ni dai na ga ƙanena.”

Baba bai kai gasar shekara ta gaba ba. Yanzu hoton ya fi sauri, jikokina na kallon ƙwallo a waya ba wanda ya riga su ji. Ni kuwa wani lokaci ina kewar wannan 'yar makarar. Na san labari mara daɗi ba ya fasa zuwa, amma na koyi cewa ba dole ne kai ka zama mai gaggawar kai shi ba.

Washegarin kokawar nan da safe na soya ƙosai, na dama koko, na ɗora pil ɗin a kan faifan da na rufe kwanon, na kai wa Kawu. Ya mayar da su, ya murɗa rediyon har ƙarshe, ya juya shi ya fuskanci tagar da ke kallon tsakar gidanmu.