Doka ta Takwas a Jikin Firij

Mu dai a gidanmu ɓera abin kashewa ne. Tarko, guba, ko takalmi in ya kusanto. Shi ya sa ranar da 'yata mai shekara tara ta tsaya a kasuwar tsuntsaye ta Doha ta ce fararen ɓeraye take so, na ji kamar ta zage ni. Da farko kyanwa ta roƙa a saya mata, mai gidan da muke haya a Al-Sadd ya hana. Na ce, ɓera? In sayi ɓarawo in kawo shi gida in riƙa ciyar da shi? Uwarta ta ce in ƙyale yarinya, ba ta da abokin wasa a hawa na shida. Aka fi ƙarfina. Muka dawo da ɓeraye mata guda biyu a keji, ɗaya fara fat, ɗaya da baƙin ɗigo a kunne.

Babu wanda ya taɓa yin wannan kiwo a cikinmu, ita ta koya a waya. Da hutun makaranta ya zo, lokacin da zafin garin nan ke kaiwa maƙura, za su tafi Zariya da uwarta, ni kuwa ban samu hutu a wurin aiki ba. Ta rubuta dokoki bakwai ta manna a jikin firij. A canza ruwa kullum. A sauya dusar katako ranar Asabar. Kada a ɗaga su ta wutsiya. Kada a kashe esi, na'urar sanyaya ɗaki, ko da za a fita. A filin jirgi ta riƙe min hannu ta ce, "Abba, amana fa."

Kuma na riƙe, wallahi na riƙe. Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, kafin mako biyu na fara ɗokin dawowa gida. Mai ɗigon nan takan zo ta karɓi ƙwayar gero a yatsana, ta riƙe da hannu biyu kamar mai cin gyaɗa. Ni, ƙato da gemu, ina tsugune ina yi wa ɓera magana.

Wata Juma'a, na dawo daga masallaci ke nan, sai waya. Kawuna ne, ƙanin mahaifiyata, wanda ya daɗe yana tuƙi a wata gona a Umm Salal. Ya ce, "Ga ni a ƙasan benenku, yalla sauko ka shigo da ni." Kawu mutumin kirki ne, amma bakinsa ba ya ajiye magana. Abin da ya gani da azahar, kafin la'asar ya isa zauren gidanmu. Na dubi kejin a tsakiyar falo, na ji muryar 'yan'uwana a kunnena: an kashe kuɗi an yi masa karatun injiniya, ya je Qatar yana kiwon ɓera. Ɗakunan kwana biyu ne, kuma Kawu sai ya leƙa ko'ina yana sa albarka. Na ɗauki keji na kai baranda, na ja ƙofar gilashi, na sauke labule. Na ce a raina minti ashirin ne, zai sha ruwa ya tafi.

Wane minti ashirin! Muka ci shinkafa, na haɗa shayi, ya kawo labarin kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya ɗauke shi aiki, tun daga tushe. Sau biyu na yunƙura, yana cewa, "Zauna mana, ɗana, ina za ka?" Ina dariya, hankalina yana bayan labule. Sai kuma, ga abin da ya fi cin raina, labari ya yi daɗi na manta gaba ɗaya. Da zai tafi na ce ai ba zai hau bas ba ina da mota. Na kai shi har Umm Salal. Ina kan hanyar dawowa, sitiyari na ƙona min tafi, abin ya faɗo min. Innalillahi!

Ƙarfen kejin ba ya taɓuwa. Farar ta tura kanta ƙarƙashin dusa tana haki, na shafa mata ruwa a hankali, ta farfaɗo. Mai ɗigon tana kwance a gindin kwalbar ruwa, ruwan kansa ya yi zafi kamar na shayi. Ta riga ta sandare. An ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, amma wannan ba tsautsayi ba ne. Kunyar banza ce ta sa na gasa halittar Allah da ba ta yi min komai ba.

Da yamma 'yata ta kira, kamar kullum, ta ce in juya waya ta gaishe su. Na gaya mata mai ɗigo ta mutu, zafi ne. Ta ce, "Esi ne ya lalace?" Sai na ji bakina yana cewa na fitar da su baranda ne su sha iska. Na jira ta yi kuka, ta yi min faɗa, da na ji sauƙi. Sai ta ce, "Abba, ba laifinka ba ne. Ai ba ka sani ba. Ni ce ban rubuta ba."

Ranar da suka dawo, ko takalmi ba ta cire ba ta nemi biro. Ta ƙara layi a ƙasan takardar: takwas, kada a kai su waje. Ta ja masa layi biyu.

Takardar tana nan har yau. Sau da yawa na shirya in zaunar da ita in ce mata na sani sarai, kunyar Kawu na ji. Har yanzu ban faɗa ba. Duk lokacin da na je ɗaukar ruwan sanyi, sai na karanta laifina da rubutun hannunta, ita kuwa tana ganin nata ne.