Mai Shebur a Ƙofar Gini

Kowace safiya yana tsaye a ƙofar benen da ake ginawa, dogon mutum mai furfura a gemu, da shebur a kafaɗa. Rigarsa ta koɗe, amma ya sa maɓallanta har wuya, irin tarbiyyar makarantun da, lokacin da malami ke duba farce kafin karatu. Da ganinsa ka san akwai masu jiransa a gida.

Hannunsa ne ke tona masa asiri. Yana ɓoye shi a aljihu, aljihun ma rawa yake yi.

A wurin nan ɗan kwangila kan raba wa leburori ƙwaya tare da kayan aiki, don kada kowa ya ji gajiya. Yau yana zaɓen ma'aikata, sai ya tsallake dattijon nan mai shebur.

"Baba, jikinka na ɓari, za ka fasa min bulo."

"Maigida, ai daga hannunka na fara shan ta."

"Na ba ka ne ka yi aiki, ban ce ka aure ta ba."

Dattijon ya matsa gefe. Samarin da ke layi suna ta dariya, kowa na miƙa hannu yana karɓar tasa.